Abin da masu sana'a suka ce kan bashi da tanadi

Hirar majalisarmu ta daren jiya kan bashi ta ƙare. Da tela da mai shayi da direban Keke Napep, bakinsu ya zo ɗaya: kada kuɗin jari ya kwana aljihu ɗaya da na cefane. Telan gwangwani biyu ya tanada. Ribar ɗinkin sallah kuwa ɓoye ta yake yi sai kaka, ya sayi buhun masara tana araha. Wannan dabarar ta fi burge ni.

Wajen biya, a fara da mai kantin unguwa, tunda gobe ma wurinsa za a koma. Rancen manhajar waya, a guje shi: ga kuɗin ruwa, ga tonon silili.

Adashi ne ya raba su. Mai shayi na yabonsa, direban kuwa uwar adashi ta taɓa guduwa da zubinsa.