Wai me za mu kira "career" da Hausa?

Jama'a ku taimaka min, ina rubutu kan ƙungiyoyin ɗalibai na koyon sana'a a Amurka sai kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Irin su FFA da aka kafa 1928 don yara masu karatun noma, har yau shuɗiyar jaket suke sawa, da SkillsUSA da ta fara a 1965, su kam gasa suke shiryawa ta walda da kafinta da gyaran mota, ɗan sakandare ya ci a jiharsu ya wuce ta ƙasa. Duk inda ka duba a takardunsu career career.

Kar wanda ya ce min a rubuta "kariya" don Allah, kariya dai mun san tsaro ce, kuma yadda muke taipin a waya ba ƙugiya ɗin nan harafi ɗaya ya faɗi ta koma karya, ko ta kare ko ta maƙaryaci, ka ce ma uba ɗansa ya samu karya mai kyau ka ga abin da zai biyo baya.

Wani malami ya ce sana'a kawai. Malam na yarda da rabi, sana'a ita ce abin da hannunka ya iya, amma su abin da suke nufi tafiyar ce gaba ɗaya, tun kana yaron shago kana miƙa sifana ana aiken ka siyo shayi, har ubangida ya yaye ka, ka buɗe naka, kai ma ka tara yara. Aiki kuma ya yi kaɗan, yau kana da shi gobe an sallame ka.

Wata 'yar uwa ta kawo "layi", wallahi ta burge ni don haka 'yan kasuwa ke faɗa, wane layi kake, layin atamfa nake. Matsalar dai layin waya da layin gidan mai sun riga sun cinye kalmar.

Toh ni dai na tsaya kan "turbar sana'a", likita ma ya shiga ciki, ba sai mai guduma ba. Ƙungiyoyin kuma ƙungiyoyin ɗalibai na turbar sana'a. Wanda yake da wadda ta fi ya ajiye a ƙasa kafin magariba, da dare zan tura rubutun.