Shawarwarin Masana kan Adana Manyan Bayanan Ƙwayoyin Gado

A wata tattaunawa ta masu nazarin ƙwayoyin gado (DNA) da kwamfuta, yawancin shawarwari sun karkata kan wurin ajiya, domin kundin ƙwayoyin gadon mutum ɗaya yana ɗauke da haruffa kusan biliyan 3, kuma idan aka karanta shi sau 30 kamar yadda aka saba, fayilolinsa kan kai gigabait 100. Saboda haka aka shawarci kamfanoni su mayar da fayilolin BAM, wato tsarin da ake adana waɗannan bayanai a ciki, zuwa tsarin CRAM, wanda ya fi ƙanƙanta, amma su adana ainihin kundin da aka daidaita bayanan da shi, kamar GRCh38, wato kundin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ake amfani da shi a matsayin ma'auni, domin idan ya ɓace, buɗe fayilolin kan gagara.

An kuma fifita yin lissafi a rumbun da bayanan suke maimakon sauke su, kamar yadda UK Biobank, wata ma'ajiyar bayanan lafiya a Birtaniya mai mahalarta kusan 500,000, take yi da masu bincike.

Batun sirri bai samu lokacin da ya kamata ba, a ganina, duk da cewa an amince goge suna bai wadatar ba, tunda bayanan ƙwayoyin gadon mutum suna iya tona shi har da danginsa.