Neman taimako: ɗamarar ƙwallon cire tuta ta hana mu sakat

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Agege. A hutun da ya wuce ɗana mai shekara 10 ya je wani sansanin wasanni a Ikeja, ya dawo da son ƙwallon Amurka irin ta cire tuta. Mutum biyar-biyar ake bugawa, ba kokawa ba kayarwa, tutar da ke ƙugun mai ƙwallo kawai za ka fizge. Da na ji za a buga ta a gasar Olamfik ta 2028 a Los Anjelas, sai na tara yaran layinmu su 12, muna atisaye ranar Lahadi bayan la'asar.

To, ɗamarar da ake maƙala tutar a jikinta ce ta gagare ni. Na ba tela tsohon yadi ya yanka, muka soke a wando. Idan an soke da zurfi ba ta fita, yaro ya ja har wandon ya yage. Idan an sassauta, tana faɗuwa tun kafin a taɓa ta, sai gardama ta tashi. Makon jiya wani yaro garin fizge tuta ya cusa yatsa a aljihun abokinsa, yatsan ya kumbura, mahaifiyarsa ta ce ba zai sake zuwa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni na roƙe ta ta bar shi.

Don Allah, ina ake sayar da ɗamarar ta asali a Legas? Ko akwai wanda ya taɓa ɗinka mai mannewa ta yi ƙarko? Tsawon tutar nawa ya dace da yara 'yan 8 zuwa 12?