Me zan ci a madadin taliya alhali ina ƙoƙarin rage ƙiba?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hanya. Tun bayan haihuwata ta uku jikina ya ƙi komawa yadda yake, har gwiwoyina suka fara ciwo idan na daɗe a tsaye, sai likita ta ce in rage abinci mai sitaci, in ƙara tafiyar ƙafa. Tuwo da shinkafa ba su ba ni wahala ba, amma taliya ta gagare ni, domin a gidanmu ba a kwana uku ba a ɗora ta ba, ko dafa-duka, ko da miya, ko 'yar murza da manja da yaji wadda ba na iya kawar da kai idan na gan ta. Abin da nake gani a intanet shi ne taliyar zukini (wani kayan lambu mai kama da kokwamba da ake yankawa siri-siri kamar taliya) da wata ta Japan mai suna shirataki, kuma ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba a kasuwannin da nake zuwa a Zariya. Maƙwabciyata ta ce in koma taliyar alkama ko acha. Shin hakan zai wadatar, ko akwai abin da ya fi shi a cikin kayan cefanen da muka saba?

Ummu Faruk:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni kabeji ne ya cece ni, kuma na fi shekara ina amfani da shi. Sirrin yana wajen yanka. Ki raba shi biyu, ki cire ƙashin tsakiya, ki yanka shi siri-siri dogo-dogo, kada ki daddatsa shi irin na haɗin salak. Sai ki zuba shi a tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri na minti biyu zuwa uku, ko ki turara shi a madambaci, ki tsane shi sosai a gwagwa kafin ki zuba miya. Idan ya wuce wannan lokaci zai saki ruwa, ya yi laushi, ya fito da warin nan da ke korar yara daga falo. Nakan fere karas dogo-dogo in haɗa, saboda launi da ɗan zaƙinsa.

Ba zan yaudare ki ba, kabeji ba taliya ba ne, harshe kuma ya san bambanci tun daga lomar farko. Shi ya sa na fara da rabi da rabi, wato rabin taliyar da na saba ci, ragowar faranti kuma kabeji, na cakuɗa su da miya ɗaya. Da na saba sai na ƙara ja da taliyar baya. Kuskuren da na yi da farko shi ne cin kabejin shi kaɗai, kafin la'asar yunwa ta kai ni ga biredi da shayi, abin da na rage da rana na mayar da shi da yamma. Yanzu ba na zama ba tare da kifi ko ƙwai ko awara a gefe ba. Wata dabarar kuma ita ce ki soya wainar ƙwai falan-falan da mai kaɗan, ki naɗe ta kamar tabarma, ki yanka siri-siri. Wannan ta fi kabeji kama da taliya a baki, kuma tana riƙe ciki.

Ɗan Filato:

Hajiya, bari in taɓo batun maƙwabciyarki, domin mutane da yawa sun faɗa wannan rami. Taliyar alkama da ba a cire wa dusa ba ta fi farar taliya amfani, tana da harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, tana kuma jinkirta yunwa, amma sitacinta da kalorinta, wato yawan kuzarin da take ba jiki, kusan ɗaya ne da na farar. Acha ma hatsi ce kamar gero da dawa, sitaci ne mafi yawan abin da ke cikinta, don haka wanda ya cika faranti da ita bai rage komai ba, sai dai kuɗin aljihunsa, tunda ta fi taliya tsada.

Ga alƙaluman da za su taimaka miki. Giram 100 na dafaffiyar taliya yana ɗauke da sitaci kimanin giram 30 da kalori kusan 155, alhali giram 100 na kabeji bai wuce giram 6 da kalori 25 ba, zukini kuwa giram 3 ne. Sai dai abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne manja. Babban cokali ɗaya na mai, manja ne ko man gyaɗa, yana da kalori kusan 120, ke nan cokali uku sun fi giram 200 na dafaffiyar taliya. Idan kika sauya taliya da kabeji amma kika ci gaba da kwarara mai har ya kwanta a gindin faranti, sikeli ba zai motsa yadda kike fata ba. Haka awarar da Ummu Faruk ta ambata, ita kanta sitacinta kaɗan ne, amma ta bakin titi tana shan mai a kasko, gara ki gasa taki ko ki jefa ta cikin miya.

Ana noman zukini a nan Jos, kuma masu kayan lambu da ke saro daga nan sukan kawo idan aka yi musu magana. Shirataki kuwa daga saiwar wani tsiro mai suna konjak ake yin ta, kusan ruwa ne da harza zalla, tana zuwa a leda cikin ruwa mai ƙarni wanda sai an ɗauraye ta da kyau. Kayan waje ce, farashinta ba na abincin yau da gobe ba ne, kuma tana kumbura wa wasu ciki. A ƙarshe, duk mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin kada ya zaftare sitaci ba da sanin likitansa ba, domin suga na iya faɗuwa ƙasa da kima.

Hajiya Babba:

'Yata, ni ina da ɗan bambancin ra'ayi da su. Macen da ke girka wa miji da yara uku ba za ta jure ɗora tukunya biyu kullum ba, mako biyu za ta yi ta gaji, ta koma gidan jiya. Ni ban daina taliya ba, awo na koya. Ledar giram 500 da muke cinyewa mu huɗu a da, yanzu rabona a cikinta bai wuce giram 60 ba, na kuma daina ci daga tire ɗaya da jikoki, saboda a nan ne hannu ke zarcewa ba a sani ba. Ina sauke ta da sauran ƙarfinta, tunda wadda ta dahu lugub ta fi saurin narkewa ta ɗaga suga. Nakan kuma haɗa ta da wake kamar yadda muka taso muna ci. Wake ma yana da sitaci, kada a ce na ce babu, amma yana zama a ciki har magariba. Ragowar gurbin sai in cike shi da kwaɗon zogale ko rama, ƙuli-ƙuli kaɗan.

Maman Hanan:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na gwada rabi da rabi da miyar kifi, na kuma auna manjan da na saba zubawa, sai na tarar cokali huɗu ne, abin da ya ba ni kunya. Matsala ɗaya na samu, kabejin ya tsinka mini miya ta zama ruwa-ruwa. Anti Ummu Faruk, a ina na kuskure?

Ummu Faruk:

Tsanewar ce ba ta isa ba. Bayan kin juye shi a gwagwa, ki bar shi minti biyar, sannan ki mayar da shi busasshiyar tukunya a kan wuta kina juyawa har tururin ya ragu. Miyar kuma ki bar ta ta yi kauri fiye da wadda kike yi wa taliya, kada ki haɗa su sai a faranti lokacin da za ki ci.