Amfilifaya mai kwalba ko ta dijital: wacce za ta jure yawon biki?

MaiGitaKaduna ya rubuta:

Sannunku da aiki 'yan'uwa. Ina buga gita a wata ƙaramar ƙungiya a nan Kaduna: mai ganga, mai bes, mai fiyano, mawaƙiya, sai ni. Yawancin aikinmu bukukuwan aure ne da dina, mukan je har Zariya, Kafanchan da Jos. Amfilifayar da nake amfani da ita ta aro ce, yanzu mai ita na son abarsa, dole in sayi tawa kafin hidimomin ƙarshen shekara su kankama.

Biyu ne a gabana, kuɗinsu kuma ba su da nisa da juna. Ɗaya Fender Hot Rod Deluxe ce ta hannu, mai kwalba (wato 'yan bututun gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti), wat 40, sifika ɗaya mai inci 12. Daga Amurka aka kawo ta, saboda haka wutar 120 take ci, mai sayarwa zai haɗa min da taransifomar rage wuta. Ɗayar kuwa Boss Katana 100 ce ta dijital, sabuwa dal a kwali.

Gaskiya zuciyata na kan Fender ɗin. Da na gwada ta, in na taɓa tsirkiya a hankali sai sauti ya fito garau, in na danna da ƙarfi sai ya ɗan yi gurnani, ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Katana ma ta yi daɗi, kuma akwai kayan ƙawata sauti su dile da ribab da koras a cikinta, ba sai na sayi feda (na'urar canza sauti da ake takawa da ƙafa) ba. Amma kunnena na ce min akwai abin da ya rage.

Matsalar ita ce ba ni da mota. A keke nake ɗaukar kaya, in tafiyar nesa ce a bayan bas tare da ganguna. Kuma kusan duk inda muka je da janareta ake aiki. Waɗanda suka san harkar, me kuka gani?

Bakanike_SabonGari ya amsa:

Ɗana, ni gyaran rediyo da amfilifaya ne sana'ata a Kano tun lokacin da talabijin mai kwalba ke yawo, bari in yi maka magana ta inda kaya ke zuwa teburina.

Abin da ya fi damuna a zancenka ba kwalba ba ce, wannan 120 ɗin ce. Wutarmu 230 ce. Rana ɗaya kana gaisawa da jama'a, wani yaro mai son taimako zai zare filogi daga taransifoma ya cusa a soket kai tsaye. In ka yi sa'a fis ne zai tafi, in ba ka yi ba babbar taransifomar ciki ce, ita kuwa ba a kasuwa za ka tsince ta ba. In har ka saye ta, ka ɗaure filogin da taransifomar rage wutar yadda ba mai iya raba su, ko ka canza ta cikin gaba ɗaya zuwa mai cin 230.

Sai kwalaben. Waccan tana da manya 6L6 guda biyu da ƙanana 12AX7 guda uku. Ƙananan sukan daɗe, manyan biyun ne ke gajiya, kuma tare ake canza su, a sake daidaita wutar da ke ratsa su. Masana'antun da suka rage suna yin su kaɗan ne a duniya: JJ a Silobakiya, wata a Saratov ta Rasha, sai na Sin. A 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi har Turawa sai da suka sha wahalar samu, farashi ya haura. Kai da ke Kaduna oda za ka yi ka zauna jira. Saboda haka ka saka kuɗin kwalaben ajiya cikin lissafinka tun yau.

Kada ka taɓa kunna ta babu sifika a jone, taransifomar fitar da sauti za ta iya ƙonewa. In an tashi, ka bar ta ta huce kafin a jefa ta a keke. Kuma kada ka buɗe bayanta da kanka, akwai wutar da ta haura bolt 400 a ciki, kafasitocin na riƙe ta ko bayan an kashe.

Amma in faɗi gaskiya, mai kwalba in ta lalace ina iya bin ta da mita waya bayan waya in gano ciwon. Ta dijital in fanel ɗinta, wato allon lantarkin da ke cikinta, ya mutu, ni dai ban da abin yi sai in ce a nemo sabon fanel. Ba ta cika lalacewa ba, amma ran da ta yi, ta yi ke nan.

Sauti_Jos ya amsa:

Baba ya gama magana ta fannin gyara. Ni mai miksa ne, ni ke zaune a bayan zaure ina jin abin da baƙi ke ji, kuma ra'ayina ba ɓoye-ɓoye: ɗauki Katana.

Wannan daɗin da ka ji, ɗan'uwa, a wane ƙarfi ka ji shi? Amfilifaya mai kwalba ba ta fara wannan gurnanin sosai sai an buɗe mata murya, kuma wat 40 na kwalba a zauren biki ba wasa ba ne. Kafin ka kai inda kake so, ka danne mawaƙiyarku, makirfonta na kwasar gitarka, uwar amarya ta aiko a rage. Sai ka rage zuwa biyu, daɗin da ka saya da tsada ya tafi. Kada lambar wat ta ruɗe ka ma: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, sai ka ninka kusan sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku. Shi ya sa 40 da 100 ba su da nisan da mutane ke zato.

Katana 100 na da maɓallin rage ƙarfi har zuwa rabin wat, tana da hanyar fitar da sauti kai tsaye zuwa miksa. Waya ɗaya ka miƙo min, na gama. Mai kwalba kuwa sai na kafa mata makirfo a gaba, wani ya zo liƙi ya ture shi da babbar riga. Nauyi ma da bambanci, Hot Rod na kusan kilo 20, Katana kusan 15, ban da taransifomar da za ka riƙa ja.

Wannan fasaha ta kwaikwayon sautin amfilifaya da dijital ba jiya ta fara ba. Line 6 sun fitar da POD tun 1998, Kemper ya zo a 2011, Helix a 2015. Fender da kansu a 2019 suka fitar da Twin Reverb ta dijital, Tone Master, mai kusan rabin nauyin ta asali. In masu kwalbar da kansu sun bi, mu su wa?

Agadas_Takamba ya amsa:

Gaisuwa daga Agadas. Mu nan a fili muke wasa, cikin rairayi da iska, wani lokaci rana tsaka. Akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba: taransisto zalla, ba kwalba ba kwamfuta. Roland JC-120 tun 1975 ake yin ta, masu gita na Sahara da yawa na son ta don sautinta tsaf yake, kuma tana da juriya. Sai dai ta fi duk waɗanda ka lissafa nauyi, ga sifika biyu, ba kayan keke ba ce.

Abin da zan ce maka, ko wacce ka ɗauka, ƙura ce abokiyar gabarka. Ka ɗinka mata riga mai kauri. Maɓallan da ke ƙarar ƙas-ƙas in an murɗa, yawanci ƙura ce.

TsohonZamani ya amsa:

Malam Sauti, ka yi maganar abin da baƙi ke ji, ka manta da abin da mai bugawa ke ji. Na yarda baƙon da ke cin shinkafa a tebur na goma ba zai bambance ba. Amma mai gita da hannunsa yake ji. Kwalba na ɗan lanƙwasawa in ka doke ta, sautin ya matse ya sake buɗewa, kai kuma salon bugunka ya canza saboda haka. In mutum na jin daɗin abin da ke fitowa bayansa, ya fi bugawa da kyau, wannan kuwa baƙi na ji.

Kuma Hot Rod tun 1996 take kasuwa, har gobe ana neman ta. Ta dijital in sabon samfuri ya fito, tsohuwar sai ta faɗi a kasuwa kamar wayar hannu. In 40 ta yi yawa, akwai ƙaramar Fender mai kwalba, Blues Junior mai wat 15, ta fi sauƙin ɗauka, kuma za ka iya buɗe ta ba tare da ka kori jama'a ba.

MaiGitaKaduna ya amsa:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin tunani. Yaya TsohonZamani, abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da na kasa bayyanawa, kuma ban ja da kai ba ko kaɗan. Sai dai da na zauna na duba yadda aikinmu yake, ban tuna bikin da aka bar ni na buɗe amfilifaya yadda nake so ba. Kullum a rage ake cewa. Ga shi a waƙa ɗaya ina buƙatar sauti garau na hailaif, ta gaba mawaƙiya ta juya zuwa salon soyayya mai son ribab da yawa, ta gaba kuma rege. Da Fender sai na ƙara sayen feda biyu ko uku, ga kwalaben ajiya da Baba ya ce, ga canjin taransifoma. Kuɗin ya wuce abin da ke hannuna.

Saboda haka Katana zan ɗauka a yanzu, da abin takawa na ƙafa don canza sauti. Fender kuwa ban fasa ba, in Allah ya hore mota da ɗakin ɗaukar sauti zan neme ta, a can ne ma za ta yi amfani.

Baba Bakanike, saura tambaya ɗaya. Tunda ka ce fanel in ya mutu shi ke nan, me zan sa tsakaninta da janareta?

Bakanike_SabonGari ya amsa:

Sitabilaiza ƙarama mai jinkirin kunnawa, wat 1000 ta ishe ka har da fiyano. Ka roƙi a ba ku layinku daban, ba wanda aka jona firiza ko na'urar sanyaya ɗaki ba, don duk lokacin da kwamfiresa ta tashi wuta na faɗuwa ta dawo da ƙarfi. In ka ji janareta ta fara tari mai ya kusa ƙarewa, kashe amfilifayarka kafin ita ta mutu, kada ka kunna kuma sai an tayar da ita ta daidaita. Sannan ka duba bayan kwalin kafin ka biya, ka tabbata 220 zuwa 240 aka rubuta, don sababbi ma akwai waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka.