Tsohon gidan katakon Flushing da ake zama shiru a cikinsa

Direban Kwins:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina bin titin Northern Boulevard da fasinja, kullum sai na wuce wani gidan katako a Flushing, cikin Kwins a birnin New York, katakonsa ya yi toka-toka don tsufa, rufinsa dogo mai gangara. Ba hasumiya, ba gicciye, ba ƙararrawa. Lahadin da ta wuce na sauke wata tsohuwa a ƙofarsa, ta ce in leƙa in gani, na tsaya daga baya. Bencina ne kawai, mutane na zazzaune, babu mai wa'azi, babu kiɗa. An daɗe ba wanda ya ce uffan, can wani dattijo ya miƙe ya faɗi 'yan kalmomi ya zauna. Ta ce mini tun 1694 aka gina shi. Don Allah su wane ne waɗannan, kuma yaya aka yi suka zo nan?

Baba Malam:
Wa alaikumus salam ɗana. 'Yan Kweka ka gani, su kuma Abokai suke kiran kansu. Kiristoci ne da suka ɓullo a Ingila ta hannun George Fox, a irin wannan taron nasu babu limami, kowa na iya magana in ya ji abu ya zo masa a zuci. Shi ya sa ba sa ce wa wurin coci, gidan taro suke cewa.

Amma labarin ya girmi ginin. A 1645 Turawan Holan suka ba garin takardar kafuwa, suka sa masa suna Vlissingen, ko da yake yawancin mazaunansa manoma ne 'yan Ingila. Da 'yan Kweka suka iso a 1657, gwamna Peter Stuyvesant ya hana kowa saukar da su, wanda ya ba su masauki a ci shi tara. Wani matashinsu, Robert Hodgson, har bulala aka yi masa. Ranar 27 ga Disamba na shekarar, mutum talatin na garin suka sa hannu a takarda cewa ba za su kori baƙo ba, kuma ba za su yi wa kowa hukunci a kan imaninsa ba. Abin da ke taɓa ni, ko ɗaya a cikinsu ba ɗan Kweka ba ne a lokacin. Maƙwabta ne kurum, suna da gonaki da iyali, sun kuma san halin gwamnan sarai. Edward Hart magatakardan gari ya rubuta, Tobias Feake ya kai, aka kulle su duka biyun.

Ɗalibar tarihi:
Baba, a ƙara da wannan. A cikin takardar sun ambaci Yahudawa da Turkawa da Misirawa, cewa dokar ƙauna da zaman lafiya ta haɗa har da su. A bakin Turawan wancan zamani, Baturke Musulmi ke nan. Ranar da na fara karanta layin sai da na maimaita shi sau uku.

Sai dai takardar ba ta karya dokar ba. John Bowne ne ya karya ta. Ya gina gidansa a 1661, ya bar 'yan Kweka suna taro a ɗakin girkinsa, a 1662 aka kama shi, ya ƙi biyan tara, aka saka shi a jirgin ruwa zuwa Holan. Can ya tsaya gaban shugabannin kamfanin da ke riƙe da yankin ya kare kansa, a 1663 suka rubuto wa Stuyvesant ya ƙyale mutane da addininsu. Bayan shekara guda Ingila ta ƙwace yankin ma baki ɗaya.

Baba Malam:
Haka ne 'yata, Allah Ya ƙara sani. Gidan taron kuma an faɗaɗa shi daga baya, kuma ya sha wuya: daga 1776 zuwa 1783 sojojin Ingila suka mamaye shi, suka mai da shi bariki da asibiti da kurkuku. Da suka tafi, masu shi suka koma bencinansu.

Direban Kwins:
Na gode Baba, na gode Yaya. Yau da safe na koma na leƙa bayan gidan, akwai maƙabarta. Na yi ta neman sunan Bowne a duwatsun ban gani ba.

Ɗalibar tarihi:
Ba za ka gani ba Malam. A 1695 ya rasu, shekara guda bayan gina wurin, kuma nan aka binne shi, amma 'yan Kweka na farko ba sa kafa dutse a kabari don kada a fifita wani mamaci a kan wani. Gidansa dai yana nan tsaye a titin Bowne, da ƙafa ma za ka isa.