Doka ce ko umurni? Abin da na tsinta a fadarmu ta Tahoua

Daren jiya muna shan shayi a ƙofar gida sai gardama ta tashi kan wata takarda da ke yawo a WhatsApp. Wani ya ce doka ce, wani ya ce umurni. Wani baba da ya yi shekaru a aikin gwamnati ya aje kofinsa ya warware mana.

A cewarsa, bakinmu ne ya saba tara komai a ƙarƙashin “doka”, alhali takardun hukuma hawa-hawa ne. Wadda ake kira loi da Faransanci majalisar dokoki ke amincewa da ita. Ordonnance daga shugaban ƙasa take fitowa amma tana da ƙarfin doka, shi ya sa muke yawan jin sunanta tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya rushe majalisa. Décret umurnin shugaba ne, sau da yawa bayan taron ministoci. Arrêté kuwa na minista ne, ko gwamna, ko perefe, kuma ba ya tsallake na sama da shi.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a fara duba ƙasan takarda: wa ya sa hannu, akwai lamba da kwanan wata? Muhimman dokoki suna fitowa a Journal Officiel, wato jaridar da gwamnati ke buga dokoki a ciki. Sanarwa kuma labari take isarwa, ba ita ce dokar ba. Gaskiya wannan ya dame ni, domin na sha tura irin waɗannan takardu ban duba ba.

Ƙaramin cikinmu ya tambaya, “Baba, in ban gane ba fa?” Ya ce ya tafi ofishin da ya fitar da ita ya nemi a karanta masa da Hausa.